Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Cinikin Da Ke Bayan Intanet Ɗin Wayarku

Da yawa daga cikinku ba za su manta da ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ba, ko da kwanan watan ya ɓace musu. Makon farko ne na azumi. Mutane sun yi cirko-cirko gaban masu POS, ana zura kati ana cirewa, kuɗi sun ƙi fita. Manhajojin bankuna da dama sun ƙi buɗewa, wanda ya sayi kayan buɗa-baki ya rasa yadda zai tura wa mai shago kuɗinsa. Daga baya labari ya bayyana cewa wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a kusa da gaɓar Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Ƙasashe fiye da goma na Afirka suka ji a jikinsu, gyaran kuma ya ɗauki makonni.

Ga tambayar da ya kamata kowa ya yi a ranar. Mai saye yana Kano, mai shago yana Kano, bankunansu duka biyu na Najeriya ne. To me ya kai wannan ciniki cikin tekun wata ƙasa? Kuma me ya sa a wannan rana wasu abubuwa suka ci gaba da buɗewa a waya kamar ba abin da ya faru, wasu kuwa suka mutu murus?

Amsar tana cikin wata yarjejeniya da ba a tallarta a rediyo, ba kuma a rubuta ta a bayan katin waya. Kamfanonin da ke ba mu intanet suna zaɓar wanda za su haɗa waya da shi kai tsaye su yi musayar saƙo, da wanda za su ƙi. Wannan zaɓi yana cikin abubuwan da ke yanke saurin intanet ɗinku, da tsadarsa, da ko zai rayu ranar da teku ta yi halinta.

Intanet ba gidan mutum ɗaya ba ne

Yawancinmu muna ɗaukar intanet kamar wani babban rumbu guda ɗaya da ke can wani wuri. A gaskiya tarin hanyoyin sadarwa ne masu zaman kansu, fiye da 70,000 a duniya, kowace da mai ita. MTN na da tasa, Airtel na da tasa, Glo haka, Google haka, manyan bankuna da wasu jami'o'i su ma haka. Kowace tana da lambar shaida tata, kuma a nahiyarmu ƙungiyar AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Morishiyos ce ke raba waɗannan lambobi.

Ku ɗauka kamar tashoshin mota ne. Direban da ke lodin Kano zuwa Zariya ba ya zuwa Jega. Idan ya ɗauko fasinjan Jega, dole ya juye shi a motar wani. Haka saƙonku yake: da kun danna tura hoto, kamfanin layinku zai ɗauke shi iya inda wayoyinsa suka tsaya, daga nan sai ya miƙa wa wani. Na'urorin kamfanonin suna yi wa juna shela dare da rana da wani tsari da ake kira BGP, kowace tana cewa, "Mai son zuwa wuri kaza ya biyo ta wajena."

Wannan miƙawa iri biyu ce. Ta farko ita ce hayar hanya. Ƙaramin kamfani ya je wa babba ya ce, "Ka ɗauki kayana ka kai ko'ina a duniya, ka kuma kawo mini duk abin da aka aiko mini, zan riƙa biyanka duk wata." Ana auna yawan abin da ya wuce a biya. Idan hanyar ta ƙetare teku, yawanci da dala ake lissafin.

Ta biyu ita ce musaya. Kamfanoni biyu su dubi juna su ce, "Mutanena suna yawan magana da mutanenka. Me zai sa kowannenmu ya biya ɗan tsakiya? Mu haɗa waya kawai, ka karɓi nawa in karɓi naka, ba mai biyan wani." Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ya raba musaya da haya, kuma 'yan'uwana mata za su fi saurin gane shi. Ƙawarki ta biki tana kawo miki gudunmawa ranar sunanki, ke ma ki mayar ranar nata. Amma ƙawar ƙawarki ba ta bin ki bashin komai, ke ma ba ki bin ta. Abokin musaya yana kai saƙonka ga mutanensa ne da masu haya a wurinsa kaɗai, ba zai ɗauka ya kai wa sauran abokan musayarsa ba. Shi ya sa kusan kowane kamfani ke haɗa biyun: musaya da duk wanda ya samu, hayar hanya don sauran duniya. 'Yan tsirarun manyan kamfanoni ne kawai, yawancinsu a Amurka da Turai da Japan, suke isa ko'ina ba tare da sun biya kowa haya ba.

Abin mamaki, wannan harka mai riƙe da bankuna da asibitoci da gwamnatoci yawancinta da baki ake ƙulla ta. Wata cibiyar bincike mai suna Packet Clearing House ta yi ƙidaya a 2011, ta sake a 2016, duka biyun ta samu cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na yarjejeniyoyin musaya ba su da takardar da aka sa wa hannu. Injiniyoyi biyu ne za su haɗu a taro ko su yi wasiƙa ta imel, su amince, kowa ya saita na'urarsa. Cinikin amana irin na Kantin Kwari, inda kalmar mutum ita ce rasit.

Halaye uku

Kowane kamfani yana da manufarsa ta musaya, da yawa kuma suna bayyana ta a wani kundi na intanet mai suna PeeringDB, inda injiniyoyi ke duba juna kafin su nemi ƙawance, kamar yadda ake binciken asali kafin a kai gaisuwa.

Akwai mai buɗaɗɗiyar ƙofa, wanda duk wanda ya zo zai karɓa. A nan za ku samu ƙananan kamfanoni, da jami'o'i, da masu kayan kallo irin su Netflix. Su burinsu kayansu su isa ga mai kallo da sauri, don haka kowace sabuwar hanya riba ce.

Akwai mai zaɓe. Zai yi musaya da kai idan ka cika sharuɗɗansa. Yawancin manyan kamfanonin sadarwa na ƙasashe a nan suke.

Akwai kuma mai rufaffiyar ƙofa. Yana da abokansa tun tuni, ba ya neman ƙari. Idan kana son isa ga mutanensa, ka zo ka yi haya ko ka bi ta hannun wanda ya riga ya yi.

Yadda ake yanke shawarar

Abu na farko lissafi ne. Musaya kyauta ce a tsakanin abokan biyu, amma isa wurin musayar yana cin kuɗi. Sai ka ja waya ko ka yi hayarta zuwa inda za ku haɗu, ka sayi na'ura, ka biya kuɗin wurin ajiye ta da wutar da za ta sha, ka biya injiniyan da zai kula da ita. Sai kamfani ya duba: nawa nake biya duk wata don wannan saƙo ya bi ta hanyar haya, nawa kuma zan kashe in na haɗa kai tsaye? Idan saƙon da ke tsakaninsu kaɗan ne, jan waya dominsa asara ce. Shi ya sa masu zaɓe kan sa mafi ƙarancin adadin da sai ka kai kafin su saurare ka.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi jawo rigima: kada in ba da kyauta abin da zan iya sayarwa. Babban kamfanin da ke sayar da hayar hanya, idan ƙarami ya zo neman musaya, kwastoma yake gani a gabansa. In ya amince, ya rasa ciniki. In ya ƙi, wataƙila gobe ƙaramin ya dawo da kuɗi a hannu. Da yawa suna rubuta ƙarara cewa ba sa musaya da wanda ke haya a wurinsu, wasu har da wanda ke haya a wurin mai haya a wurinsu. Dillalin hatsi a Dawanau ba zai yi wa mai awo a bakin titi farashin abokin dillanci ba, ko da sun yi sallah a sahu ɗaya.

Na uku shi ne daidaiton kaya. Wasu kamfanoni kan ce abin da kake turo mini kada ya ninka abin da nake tura maka fiye da kaza, misali sau biyu. A nan ne kan masana ya rabu. Idan yaronku ya danna bidiyo, ɗan saƙon da ya fita daga wayarsa ƙanƙani ne, abin da ya dawo kuwa tuli guda. Don haka tsakanin kamfanin layi da kamfanin bidiyo ma'auni ba zai taɓa daidaita ba. Kamfanin layi ya ce, "Kai kake cika mini hanya, sai ka biya." Kamfanin bidiyo ya ce, "Ban aiko da komai ba sai da mutuminka ya nema, kuma ya riga ya biya ka kuɗin data don ka kawo masa." Kowane ɓangare na da abin kamawa, shi ya sa wannan gardama ta ƙi ƙarewa shekaru da yawa.

Na huɗu shi ne wa zai yi doguwar tafiya da kayan. A al'adar harkar, kowane kamfani yana miƙa saƙon da ba nasa ba a mahaɗa mafi kusa, kamar wanda aka ɗora wa garwashi a tafin hannu. Idan kamfani yana da wayoyi a faɗin ƙasa, abokin musayarsa kuma a gari ɗaya kawai yake, to babban ne zai riƙa dakon kayan daga wannan gari zuwa kowane lungu, ya kuma kwaso daga kowane lungu ya kawo. Saboda haka manya kan ce sai kana iya haɗuwa da su a garuruwa biyu ko uku ko fiye, don a raba wahalar.

Na biyar amana ce, kuma mu ma'aikatan jinya mun san nauyinta. Idan za ka miƙa mara lafiya ga wani asibiti, kana son ka tabbata akwai wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Kamfanoni ma suna sharaɗin cewa abokin musaya ya kasance yana da ɗakin sa ido mai aiki sa'o'i 24, kuma injiniyoyinsa sun san aikinsu. Dalili kuwa, shelar nan ta BGP an gina ta ne a kan yarda. Idan na'urar wani ta yi shelar hanyar da ba tata ba, sauran na iya gaskata ta.

Hakan ya taɓa faruwa daga nan gida. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musaya da Google, ya yi kuskure wajen saita na'urarsa, ya shelanta hanyoyin Google ga kamfanin China Telecom. Shelar ta bazu, saƙonnin mutane masu neman Google daga wurare daban-daban na duniya suka karkata ta Rasha da Sin, suka maƙale. Abin ya ɗauki minti 74, kamfanin kuma ya fito ya ce kuskure ne ba ganganci ba. Wannan ya nuna dalilin da ya sa ba a ƙulla musaya da wanda ba a san hannunsa ba, kuma ya sa a yau ake ƙara matsa wa kowa ya riƙa tace shelar da yake karɓa.

Idan manya suka ɓata

Tunda yawanci ba doka ce ta haɗa su ba, kowa na iya cire wayarsa. A ƙarshen Oktoba 2008, kamfanin Sprint na Amurka ya yanke musayarsa da kamfanin Cogent saboda saɓani kan ko Cogent ya cika sharuɗɗan musayar kyauta. Da yake duka biyun ba sa biyan wani haya don isa ga juna, babu wata hanyar zagaye. Mutanen da suka dogara da ɗaya daga cikinsu kaɗai suka wayi gari ba sa iya kai wa ga na ɗayan, har tsawon kwanaki kafin a mayar. Masu biyan kuɗi a ɓangarorin biyu, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su suka kwana a ciki.

Wani lokacin ba a yankewa, sai dai a bar hanyar ta cushe. Saƙo ya ƙaru, ƙofar haɗin ta yi kaɗan, kowa ya naɗe hannu yana jiran ɗayan ya biya kuɗin faɗaɗawa. Haka masu kallon Netflix a layin Comcast na Amurka suka yi watanni bidiyo na tsaya musu, har zuwa Fabrairu 2014 da Netflix ya amince ya biya don a haɗa su kai tsaye. Daga nan abubuwa suka warware. Wannan shi ne nau'i na tsakiya, musaya amma ta kuɗi.

A Koriya ta Kudu gwamnati ce ta shiga tsakani. Tun 2016 ta kafa tsarin cewa tsakanin kamfanonin sadarwa, wanda ya fi tura kaya shi zai biya. Kamfanin SK Broadband da Netflix suka yi shekaru a kotu kafin su sasanta a Satumba 2023. Kamfanin Twitch kuwa, mai nuna wasannin bidiyo kai tsaye, ya rufe harkarsa a ƙasar a Fabrairu 2024, yana cewa kuɗin hanya a can ya ninka na yawancin ƙasashe sau goma. Ƙasashen Turai ma sun yi ta muhawara kan ko su bi irin wannan sahu. Gani ga wane dai.

Mahaɗa: kasuwar da kowa ke kawo kayansa

Idan kamfanoni ashirin za su ja waya kowa zuwa wurin kowa, wayoyin za su kai 190. Dabarar da aka samo ita ce a kafa mahaɗa guda, ɗaki mai sanyi da babbar na'ura, kowa ya kawo wayarsa ɗaya ya jona, daga nan ya yi musaya da duk wanda ya yarda da shi. Ta farko a Afirka an buɗe ta a Johannesbag a 1996.

Labarin Kenya ya nuna cewa ba kowa ke murna da mahaɗa ba. An buɗe ta Nairobi a Nuwamba 2000. Cikin makonni kaɗan hukumar sadarwa ta rufe ta, bayan ƙorafin kamfanin Telkom Kenya, wanda a lokacin shi kaɗai ke da ikon fitar da saƙo waje. Sai a Fabrairu 2002 aka sake buɗewa. Wanda ke cin kuɗin doguwar hanya ba zai so a yanke gajera ba.

Tamu ta Najeriya, IXPN, an kafa ta a Legas a 2006 da tallafin hukumar NCC, kuma ba don neman riba ba. Kafin ta yi ƙarfi, imel daga wani layi zuwa wani a cikin gari ɗaya kan je Landan ko Amurka ya dawo. Wayar MainOne kaɗai, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, amma duk saurinsa, zuwa Turai da dawowa sai ya ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kafin a ƙara cunkoso. Kamar ba komai ba ne, amma buɗe shafi ɗaya na iya buƙatar kai-komo da yawa, kuma kowane kai-komo ana biyan dala a kansa.

Ƙungiyar Internet Society ta auna tasirin wannan mahaɗa sau biyu. A 2012 abin da ke ratsa ta megabit 300 ne a daƙiƙa, tana rage wa kamfanoni kimanin dala miliyan 1 a shekara. A 2020 ya kai gigabit 125, ninki fiye da 400, rangwamen ya kai kimanin dala miliyan 40 a shekara, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da 'yan Najeriya ke nema ana samunsa a cikin gida, daga kusan kashi 30 a da. A Afrilu 2025 mahaɗar, wadda Muhammed Rudman ke shugabanta, ta sanar da cewa ta kai terabit 1 a daƙiƙa, wato gigabit 1,000.

Mafi yawan wannan ƙaruwa ta zo ne daga manyan kamfanonin waje da suka kawo sito kusa da mu. Google da Meta mai Facebook da Netflix suna ajiye kwamfutoci a Legas, wasu ma a cikin ɗakunan kamfanonin layi, ɗauke da kwafin abubuwan da aka fi nema. Idan mutum dubu suka kalli fim ɗin Kannywood guda a YouTube, sau ɗaya zai ƙetaro teku, sauran daga siton za a ɗebo. A nan kowa ya ci riba, shi ya sa irin wannan ƙawance ba ya wahalar ƙulluwa.

Yanzu ku koma ga ranar 14 ga Maris. Abin da yake ajiye a cikin ƙasa, kuma ake isa gare shi ta musayar cikin gida, bai damu da abin da ya faru a teku ba. Abin da ke ajiye a kwamfutocin ƙasashen waje, ko yake buƙatar a tambayo izini daga can kafin ya yi aiki, shi ya tsaya. Kamfanonin da ke da hanya fiye da ɗaya kuma suka karkata zuwa wayoyin da suka tsira, irin su Equiano ta Google wadda ta sauka Legas a 2022, da Glo-1. Shawarar da aka yanke shekaru kafin wannan rana ce ta raba wanda ya tsaya da wanda ya faɗi.

Ina Arewa a wannan ciniki?

Wayoyin teku a bakin teku suke sauka, kusan dukkansu a Legas. Manyan ɗakunan ajiye kwamfutoci ma can suka fi yawa, don haka can ake yin mafi yawan musaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Saƙo daga Fagge zuwa Tarauni, idan masu shi suna kan layuka daban-daban, yana iya zuwa Legas ya dawo. An rage tafiyar Landan, amma ta Legas na nan.

IXPN na da rassa a wasu garuruwa, ciki har da Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Sai dai buɗe kasuwa daban, cikarta daban. Ku tuna lissafin farko: kamfani ba ya kawo na'ura inda saƙo bai kai ya biya kuɗinta ba. Mai sito na jiran masu layi su taru, masu layi na jiran mai sito ya zo. Abin da ke karya wannan jiran-jira shi ne a samu masu kaya na gida, wato jami'o'i da asibitocin koyarwa da ma'aikatun jihohi da gidajen rediyo da masu shirya fina-finai, su ajiye kayansu kusa su jona a mahaɗa.

Akwai kuma tsadar jan waya a kan tudu. Masu harkar sun daɗe suna kukan cewa kai intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kawo shi daga Landan zuwa Legas tsada. Ɗaya daga dalilan shi ne kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa. An amince a matakin ƙasa a kan naira 145 kowace mita, amma wasu jihohi sun yi ta karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta rage nata daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe gaba ɗaya. Ga kuma masu aikin titi da ke tsinka wayoyi, ga ɓarayi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Cadi nauyinsu ya fi namu, domin ba su da gaɓar teku, sai sun bi ta ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga wayar teku. Ga irin waɗannan ƙasashe, duk saƙon da aka iya riƙewa a gida kuɗi ne aka hana fita.

Kada a ɗauka musaya ce kaɗai ke yanke farashin data. Man dizal na janaretocin turakun sabis, da haraji, da faɗuwar naira tun 2023, duk suna ciki, su ne ma kamfanoni suka kafa hujja da su har NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Amma a cikin duk waɗannan, musaya ce ɓangaren da ba ya buƙatar dala mai yawa. Abin da take buƙata shi ne masu gasa da juna su yarda su zauna a ɗaki ɗaya.

Me ya shafi gidanku?

A wurin aikinmu muna ganin yadda lafiya ta rataya a kan waɗannan wayoyi. Hoton ƙashi da ake tura wa likita a wani gari ya duba, sakamakon gwajin jini, kuɗin magani da ɗa ke turowa daga nesa yayin da mahaifiyarsa ke kwance, duk ta nan suke bi. A gida kuma ga rajistar JAMB, ga duba sakamakon jarrabawa, ga uwargida mai sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp. Jinkirin da ke ba mai kallon bidiyo haushi kawai, ga mai jiran a biya kuɗin tiyata magana ce babba.

Ga abin da ke hannunku. Idan da hali, a samu layuka biyu na kamfanoni daban-daban a gida, domin ba lallai hanyarsu ta zama ɗaya ba. A riƙa ajiye ɗan tsabar kuɗi na ko-ta-kwana, musamman gidan da ke da mai juna biyu ko tsoho ko mai ciwon da ke tashi ba sallama. Muhimman takardu da hotunan katin asibiti a sauke su a cikin wayar kanta, kada a bar su a intanet kaɗai.

Wanda ke da faɗa-a-ji a makaranta ko asibiti ko wani kamfani, idan za a ɗauki mai kawo intanet, ya yi tambayoyi uku: kuna jone da IXPN? A wane gari? Wayoyin teku nawa kuke bi? Idan za a gina shafi ko manhaja, ya tambayi a wace ƙasa za a ajiye ta. Wanda kuma ke da hanyar magana da ɗan majalisar jiharsa, ya tambaye shi nawa jihar ke karɓa a kan kowace mita ta wayar faiba. Iyayen da 'ya'yansu ke karatun kwamfuta su sani cewa wannan fanni ne mai neman hannu. Akwai taron shekara-shekara na masu musayar intanet na Afirka, AfPIF, da ake yi tun 2010, kuma waɗanda ke zama a irin waɗannan wurare su ke yanke inda hanya za ta bi. Gari ba ya samun hanya idan ba shi da ɗa a wurin rabo.

Ku rubuto mana a ƙasa: a wane gari kuke, kuma yaya ranar 14 ga Maris 2024 ta same ku? Idan a cikinku akwai injiniyan da ke wannan aiki, muna so mu ji daga bakinsa yadda mahaɗar Kano ke tafiya. Sai mun ji daga gare ku.